Na biya kuɗin lasisi, manhaja tana jan murya baya

A wajen ɗaukar murya dai manhajar nan da nake ɗaukar waƙa da haɗa sauti da ita a situdiyona ba ni da abin cewa. Da lasisinta na saye ta, ban karɓi irin kwafin satar da ake zuba wa mutane a kle USB ba, kuma da farko na yi ta yabonta a gaban abokan sana'a nan unguwar Bukoki ta Yamai. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfutata tana ɗaukarta. In na sa bafa, wato ɗan guntun sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sake shi, a 128 kan 48 kHz (yawan gutsattsarin sautin da ake ɗauka a sakan ɗaya), mai waƙa yana jin kansa a kas ɗin da ke kunnensa nan take, don jinkirin bafar bai kai milisakan 3 ba. Tana kuma ajiye aiki da kanta, abin da duk mai situdiyo a Yamai ya san darajarsa lokacin zafi, sa'ad da wuta ke ɗaukewa ba sallama.

Abin da ya ɓata mu da ita ya faru ne ranar da wani dattijo mai gurumi ya zo daga Tawa da masu kalangunsa da ƴan amshi. Waƙoƙin da suke shirya wa gasar mawaƙa ta Dan Gurmu suka zo ɗauka, sun biya kuɗin mota na tafiyar sama da kilomita 500. Muka ɗauka lafiya, na yi miksaj, wato haɗa muryoyi da kiɗa, a cikin manhaja komai ya zauna daram. Da na fitar da waƙar a fayil ɗin sauti na WAV na kunna musu a lasifika, ko baiti ɗaya ba a gama ba dattijon ya ɗaga hannu.

"Ɗana, tsaya. Wannan ba ni ba ne. Ni ban taɓa shiga a bayan kalangu ba."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, bari in duba." Na koma cikin manhaja na kunna, murya tana kan kiɗa. Na kunna abin da ta fitar, murya ta makara. Kunya ta kama ni a gaban yaransa, don su abin da suka gani shi ne mai situdiyo ya lalata wa maigidansu waƙa.

Na fara zargin ko kat son, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, tana kan 44.1 kHz aikin kuma yana kan 48, amma da haka ne da sautin gaba ɗaya ya tashi ko ya sauka, kowa zai ji. A nan murya kaɗai ce ta zame. Sai daga baya na gano bakin zaren. Akwai filogin, wato ƙaramar manhaja da ake ƙarawa cikin babbar, na cire hayaniya da na ɗora wa muryoyi, saboda ƙarar babura da janareta na unguwa, kuma irinsa sai ya riƙe sauti ya duba kafin ya sake shi. Nawa yana riƙe samful, wato gutsattsarin sauti, 2048, kusan milisakan 43 ke nan a 48 kHz. Aikin manhaja ne ta jinkirta sauran layukan sauti daidai wannan adadi don kowa ya iso tare. Tana yin haka lokacin saurare. Amma in muryoyin sun bi ta layin haɗaka ɗaya, inda ake tara su wuri guda, lokacin fitarwa sai ta manta. Wanda ba ya sana'ar zai ce milisakan 43 me ye? To kalangu magana yake yi, mawaƙi yana amsa masa, in amsa ta makara ko kaɗan ne mai kunne zai ji waƙar tana ɗingishi.

Na rubuta wa masu manhajar, na haɗa musu da fayil biyu don su ji da kunnensu. Amsar ta zo cikin ladabi: sun san da matsalar, gyaran yana tafe a mizajur, wato sabuntawar manhaja, ta gaba. Wallahi a lokacin har na huce, na ce mutanen nan sun amsa laifinsu. Mizajur ta zo, ta cinye mini kuɗin intanet, na buɗe na tarar da sabbin kayan kiɗan lantarki da sabon launin fuska. Na gwada fitar da waƙar dattijon, muryar tana nan a baya inda na bar ta. Kuma yanzu an ƙaro wani abu: lokaci-lokaci sai ta nemi tantance lasisi ta intanet, in layi ba kyau ta kulle wasu sassanta har sai ya dawo. Masu kwafin sata suna aiki hankali kwance, ni da na biya nake zaune ina jiran rezo da mutane a gabana. Wannan ya fi ainihin matsalar ci mini rai.

Yadda nake kewaye abin yanzu: ina sa a tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka, kowane mikro ya kama. Sai in fitar da murya ita kaɗai da filogin ɗinta, in mayar da ita cikin aikin a matsayin sabon fayil, in cire filogin, in daidaita ta da hannu a kan tafin. Yana aiki, amma waƙar gargajiya mai minti takwas da ƴan amshi huɗu sai ta cinye yini. Dattijon nan sai da ya ƙara kwana wajen ƴan'uwansa, ni kuma ban iya buɗe baki na nemi cikon kuɗina ba.

Wanda aikinsa haɗa kiɗan kwamfuta ne kawai, wataƙila ba zai taɓa cin karo da wannan ba, ya saya. Mai ɗaukar gurumi da kalangu da goge, ban ba shi shawara ba. Da ina da yadda zan yi da na ƙaura tuni, sai dai tsofaffin ayyukana duk suna cikin tsarin fayil ɗinta, wata manhaja ba ta buɗe su, sai na fitar da kowane layi ɗaya bayan ɗaya. Na fara yin hakan da daddare in masu aiki sun watse. Sun aiko mini saƙon rangwame kan sabon fitowa, ko dala ba zan ƙara ba su ba sai na ga gyaran nan a rubuce, na kuma gwada shi a kan muryar dattijon.