Sassaƙen katako a bargar doki: yanda na same shi bayan yashi da ɓuntu

Dawakina biyu ne, akawal ɗaya ɗan Arewa da bidi ɗaya wanda ya ɗan manyanta, kuma yanzu sassaƙen katako nake shimfiɗa musu a barga, wato irin manyan nan masu lanƙwasa da ke fitowa daga injin goge katako, ba garin da zarto ke zubarwa ba. Mutane suna haɗa su biyun kamar abu ɗaya ne, alhali a wajen doki bambancinsu babba ne. Kafin in zo kan sassaƙen na yi amfani da yashi da ɓuntun shinkafa da shi kanshi garin katakon, dan haka abin da zan faɗa abin da idona ya gani ne a bargata.

Yashi shi ne muka taso muka tarar, kusan duk turken da ka je a cikin birni yashi ne ko rairayi a ƙasa, kuma gaskiya ba zan kushe shi ba, yana da sanyi lokacin bazara, doki yana son birgima a kai, ga sauƙin kwashe kashi da manjagara. Matsalarshi biyu ce. Ba ya shanye fitsari, fitsarin wucewa kawai yake ya je ya taru a ƙasa, a hankali wajen ya zama baƙi ya fara wannan zarnin da ke shiga ido, in damina ta zo kuwa sai dai haƙuri. Ta biyun ita ta fi damuna, in ana zuba harawa ko dusa a ƙasa doki yana haɗawa da yashin ya haɗiye, ya dinga taruwa a hanjinshi har ya kawo ciwon ciki, wanda duk mai doki ya san ba abin wasa ba ne, dare ɗaya zai iya kayar da ingarma. In yashin za ka bari to ka samu kwatarniya ko rabin duro ka dinga zuba abinci a ciki.

Ɓuntu kuma araha ce ta ja ni, duk inda injin casar shinkafa yake za ka samu, in ka bi ta wajen Kura tsibi-tsibi yake a bakin hanya. Laushi yana da shi, ba ya dunƙulewa, amma shan ruwanshi kaɗan ne sosai, fitsarin zai ratsa shi ya sauka ƙasa saman ya nuna maka a bushe alhali ƙasan a jiƙe yake jagab. Sannan akawal ɗin nan makwaɗaici ne, sai ya dinga sa baki yana tonon ragowar tsakin shinkafa a ciki, kuma da hunturu iska na kaɗawa sai ka ga ƙaiƙayin a gefen idonshi yana hawaye. Garin katako kuwa ba zan daɗe a kanshi ba, yana shan fitsari fiye da kowanne amma ƙura ce zalla, bidin da ma yana da ɗan tari, daga sa shi tarin ya ƙaru, da na cire ya lafa.

To sai sassaƙen. Abin da ya fara burge ni shi ne kwanciya. Mutane da yawa suna cewa ai doki a tsaye yake barci, eh yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta yake samu, ko da na kamar minti 30 ne a rana, kuma dokin da ƙasan bargarshi ke da tauri ko danshi ƙin kwanciya yake, sai ka ga yana ta rama ana ɗora laifin kan abinci. Bidin nan da yake a kan siminti da ɗan yashi sama-sama gwiwoyinshi na baya duk sun goge gashi ya zube, wani wajen har ya yi ɓawo. Da na zuba sassaƙe mai kauri, kamar santimita 15, sai na fara zuwa da asuba ina tarar da gutsattsarin katako maƙale a gezarshi da wutsiyarshi da gefen cikinshi, alamar ya miƙe sosai ya kwanta da dare. Wallahi ranar da na fara ganin haka daɗi na ji har raina. Gashin gwiwar ma ya dawo a hankali.

Wajen fitsari ma ya yi, dan doki ba ƙaramin fitsari yake ba, lita da yawa ne a rana, kuma yawanci waje ɗaya yake zaɓa. Sassaƙen yana riƙe shi a wajen, ya canza kala ya yi ja-ja ya yi nauyi, da safe sai yaron barga ya sa cebur ya ɗebe daidai wannan kewayen ya zuba a baro, ya bar ƙasan ya sha iska kafin a ja busasshe a rufe. Wannan ya taimaki kofato sosai. Duk wanda yake ɗaga ƙafar dokinshi yana sakace ta ya san wannan baƙin abu mai wari da ke fitowa a tsagin tsakiyar kofato in doki ya daɗe yana tsayuwa a danshi, ruɓewa ce take farawa daga nan, to tunda na koma sassaƙe in na sakace busasshe nake samu.

Amma akwai abubuwan da ba zan ɓoye ba. Na ɗaya tsada, ba kai kaɗai kake nema ba, masu kiwon kaji su ma shi suke shimfiɗawa, in an shiga lokacin da kowa ke zuba kaji na sallah ko na ƙarshen shekara sai buhu ya yi wuya kuɗin ya hau, wani lokacin kuɗin ɗauko shi a a-kori-kura ya kusa kamo kuɗin kayan. A Kano in ka shiga 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo za ka samu, shawarata ka daidaita da mai inji ɗaya ya dinga tara maka.

Na biyu kuma shi ne wanda nake so kowa ya riƙe, kar ka taɓa juye buhu a barga ba ka baza shi ka duba ba. Wani buhu da aka kawo min daga wani wajen kafinta, shara ce aka haɗa gaba ɗaya, na tsinci ƙusoshi har da guntun waya da fasasshen gilashi a ciki. Ƙusa ɗaya in ta shiga kofato za ta iya jawo tetanos, wato cutar nan mai sandarar da jiki, kuma doki yana cikin dabbobin da wannan cutar ta fi saurin kamawa, in ta sandarar da shi da wuya ya tashi. Yanzu a tsakar gida ake bazawa a rana, a bi da hannu, ni har maganaɗisun tsohuwar sifika nake ja a ciki. Ka kuma shinshina, in ka ji warin fenti ko maganin gara ko baƙin mai to mayar da shi, haka na filawud da sauran katakon da aka haɗa da gam. Irin icen ma yana da muhimmanci, a Amurka akwai wani ice da suke kira balak walnot wanda sassaƙenshi ko kaɗan ne a cikin shimfiɗa yana kumbura cikin kofaton doki ya gurgunta shi, shi ya sa nake tambayar mai injin wane katako ya goge, na fi natsuwa da fararen nan marasa ƙarfin wari irin su malaina da obece.

Sai wuta. Mu nan da damina ana yi wa dawaki hayaƙi saboda sauro da ƙuda, to busasshen sassaƙe tartsatsi ɗaya ya ishe shi, kaskon hayaƙin a waje nake sa a ajiye nesa da ƙofa, kuma na hana shan taba kusa da bargar kwata-kwata. Buhunan da ke ajiye kuma a ɗora su kan bulo, in suka taɓa ƙasa gara za ta shiga, in suka sha ruwa su yi fumfuna.

Masu lambu da ke zuwa ɗiban taki da farko sun yi ƙorafi, wai yana sa ganye ya yi rawaya, kuma suna da gaskiya, ɗanyen katako in yana ruɓewa a gona yana janye sinadarin da shuka ke buƙata, sai an tara shi an dinga yayyafa ruwa ana juyawa na wasu watanni ya yi baƙi tukunna ya zama taki na kirki.

Yanda na tsara tawa yanzu, yashi a can ƙasa an daddale shi da ɗan gangare zuwa bakin ƙofa, sassaƙe a kai, in kuɗi ya yi ƙasa in haɗa da ɓuntu kamar kashi ɗaya cikin uku dan ya ƙara auki, in bazara ta yi tsanani kuma in rage kaurin dan yana riƙe zafi. Wanda dokinshi a turke yake a fili ba rumfa kar ya ɓata kuɗinshi, ruwan sama ɗaya zai lalata shi, ya zauna a kan yashinshi ya dinga canzawa. Mai barga rufaffiya da siminti a ƙasa, musamman in dokin tsoho ne ko mai tari, shi nake ce wa ya saya.