Ƙwaya ɗaya ko ƙwayoyi takwas: wane sakamako za a yarda da shi?

Wani ƙanenmu da ke kwaikwayon gudun ruwan Binuwai daga madatsar Lagdo zuwa Garwa da OpenFOAM, manhajar lissafin gudun ruwa a kwamfuta, ya yi tambaya: ya gudanar da lissafi a kan ƙwayar sarrafawa ɗaya (core, wato sashen kwamfuta mai yin lissafi), ya maimaita a kan takwas ba tare da ya taɓa komai ba, amma sakamakon ya bambanta, shin wanne ne daidai? Ƙanena, bambancin kaɗai bai isa hujjar cewa akwai kuskure ba. Girmansa da wurin da yake bayyana su ne abin dubawa.

A kan ƙwaya ɗaya, kwamfuta tana bin idanun ragar lissafi, wato ƙananan yankunan da aka kasa kogin a cikinsu, ɗaya bayan ɗaya, kullum a jeri guda, shi ya sa maimaitawa take ba da lamba iri ɗaya. A kan takwas kuwa, umarnin OpenFOAM mai suna decomposePar yana yanka ragar gida takwas, kowace ƙwaya ta yi nata kamar aikin gayya a gona, suna musayar bayanan kan iyaka ta hanyar MPI, tsarin aika saƙo tsakanin ƙwayoyi, sannan a haɗa jimla. Jerin tarawa ya sauya ke nan, kuma a ƙa'idar IEEE 754 ta adana lambobi a kwamfuta, wadda aka kafa a 1985, lamba mai ninkin daidaito (double precision) tana riƙe alƙaluma 15 zuwa 16 ne kawai, ana datse sauran. Gwada da kanka: (0.1 + 0.2) + 0.3 yana ba da 0.6000000000000001, alhali 0.1 + (0.2 + 0.3) yana ba da 0.6.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. Hanyoyin warware lissafin matsin ruwa irin su GAMG, ko PCG tare da DIC, suna aiki ne gwargwadon yadda aka yanka ragar, saboda haka kowane gudu yana bin tasa hanyar, ya tsaya da zarar ragowar kuskure ta sauka ƙasa da iyakar da ka sa a fayil ɗin saiti na fvSolution. Idan iyakar ta yi sako-sako, za su tsaya a wurare mabambanta. Wannan ya sa ban yarda a ɗauki sakamakon ƙwaya ɗaya a matsayin ma'aunin gaskiya ba, domin shi ma kimantawa ne.

Idan ruwan yana tafiya a natse, ka matse iyakar kuskuren, ka gwada ƙwaya 1, 2, 4 da 8; ya kamata bambancin ya yi ta raguwa. Idan kuwa ruwa ne mai hautsinewa, kamar na ambaliyar damina, ɗan bambanci a alƙalami na ƙarshe yana girma da lokaci, abin da masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna tun 1963, don haka sai ka kwatanta matsakaicin zurfi da gudu na tsawon lokaci maimakon na daƙiƙa guda.

Abin da zai tayar mini da hankali shi ne ka ga tabo a daidai layin da aka yanka ragar, ko yawan ruwan da ya shiga ya ƙi daidaita da wanda ya fita da wanda ya taru. Wannan kuskure ne na gaske, kuma lissafin da ya shafi gidajen mutanen bakin kogi bai kamata a miƙa shi da irinsa ba. Idan ka rubuta sharaɗin kan iyakar ragar da hannunka, wato abin da ruwa zai yi a gefenta, fara dubawa ko ka haɗa jimla daga dukkan ƙwayoyi da umarnin gSum, domin umarnin sum yana tara na ƙwaya guda ne kaɗai.