Bainakula Ko Teleskop, Wanne Ya Fi Don Kallon Taurari?

Mutane kan dame ni da tambayar nan idan watan Agusta mai ruwan taurari ya matso, to ga yadda nake ganinsu.

Wajen kuɗi bainakula, wato madubin hangen nesa mai ido biyu, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, mai lamba 10x50 (mai ƙara girman abu sau 10, faɗin gilashinta milimita 50) ta isa, ka rataya a wuya ka hau soro shikenan. Da ita za ka ga ramukan wata, ka ga Kaza da 'Ya'yanta da asuba sun cika ido, har manyan watannin duniyar Jufita guda 4 kamar ɗige-ɗige, matsalarta dai hannu na rawa sai ka jingina da bango.

Teleskop kuwa sai an kafa an saita, ga nauyi, kafin ka gama hadarin damina ya rufe sama. Amma ganin zoben da ya kewaye duniyar Satan (Saturn) sai da shi, bainakula ba ta isa ba. Masu arahar nan na yara dai asarar kuɗi ne wallahi.

Ruwan taurarin 12 zuwa 13 ga Agusta kam, wato daren da ake ganin kamar taurari na ta faɗowa, ba ruwansa da ko ɗaya, tabarma da ido kawai, wajen gari inda babu fitilu.

Sabon shiga da mai yawo ya ɗau bainakula, mai haƙuri da kuɗi da ke son duniyoyi ya nemi teleskop.