Injin lanƙwasa fallen jirgin sama: a sayo ko a kai wa mai walda?

Duk mai shirin haɗa ƙaramin jirgi a garejinsa nan Abuja, kafin ya kai ga maganar injin jirgin zai ci karo da lanƙwasa falle. Haƙarƙarin fiffike da ƙananan maƙalai duk daga fallen alminiyom ake lanƙwaso su. Jiragen kamfanin Zenith irin su CH 701 da alminiyom mai lamba 6061-T6 ake yinsu, na kamfanin Van's kuwa da mai lamba 2024-T3, kuma daga samfurin RV-6A na Van's ɗin aka haɗa jirgin horo na Air Beetle a Kaduna don sojojin sama.

In saye za a yi, ɗan injin China mai yanka da lanƙwasa da naɗi a jiki ɗaya, na inci 30, gajere ne, bakinsa kuma ya cika kaifi. Babban inji mai yatsu, wato mai guntayen ƙarfen danna falle da ake iya cirewa, yana da kyau, amma kuɗinsa da na dako sun isa su sayi fallen fiffike. Katako biyu da gudumar roba, wannan sai ƙananan guntaye.

Ni dai na gida nake so, wanda mai walda zai haɗa. Ƙarfen angul uku masu kauri, aƙalla milimita 6: ɗaya gado da za a ɗora fallen a kai, ɗaya ya danne fallen, ɗaya ya ɗago shi, a haɗa gadon da mai ɗagawa da hinji masu ƙarfi, a sa hannaye biyu. Ƙarfen yana nan a kasuwar Dei-Dei. Abin da ya fifita shi shi ne kai ke da iko da bakin da fallen zai kwanta a kai. Waɗannan alminiyom masu tauri ba sa jure lanƙwasa mai kaifi, tsagewa suke yi, wani lokaci tsagar ba ta fitowa fili sai girgizar jirgi ta buɗe ta. A goge bakin da magagari ya zagaye kamar gefen da'ira mai nisan milimita 3 daga tsakiya zuwa baki, ga falle mai kaurin inci 0.025. A zarce kusurwar da ake so kaɗan, don fallen yana ɗan komawa baya. In tsawon injin ya kai ƙafa 8, tsakiyarsa za ta riƙa buɗewa, sai an ƙara masa ƙarfe ta baya. Ka ce wa mai walda ya riƙa ɗigawa nan da can yana barin ƙarfen ya huce. In ya zuba wuta a jere, gadon zai karkace, gyara kuwa da wuya.

Sai dai inda ake cutar mutane ba a injin ba ne, a fallen ne. Wani ɗan kasuwa ya taɓa rantse mini cewa nasa na jirgi ne, "Alhaji, daga waje ya zo," alhali irin na tukwane da kwanon rufi ne. Na gasken yana zuwa da rubutu a jere a jikinsa: lambar haɗin, taurinsa da kaurinsa, kuma mai sayarwa na ƙwarai yana da takardar masana'anta. Ba rubutu, ba takarda, ka riƙe kuɗinka. Laushin na bogin ma yaudara ne, yana lanƙwasuwa cikin sauƙi har ka yaba wa injinka. Angul ɗin ma ana rage masa kauri, ka je da ma'auni a aljihu, ka kuma miƙa zare a jikinsa ka ga ko a miƙe yake kafin a yanka maka.