Ruwan narkarwa ko cunkoso: wanne ya fi juya zaɓen radikal?

Malama, kin tambaya ko ruwan narkarwa, wato ruwan da ake haɗa sinadaran a cikinsa, ne ya fi tasiri wajen tantance haidurojin ɗin da za a maye gurbinsa da kulorin ko buromin, ko kuwa cunkoson da ke kewaye da kabon ne. Amsar ta danganta da radikal ɗin da ke aikin, wato zarra ko rukunin zarra mai lantarki (electron) ɗaya marar abokin haɗi, wanda ke fizge haidurojin daga jikin kabon.

Zarrar kulorin mai gaggawa ce, kusan duk haidurojin da ta tarar sai ta fizge shi. A digiri 25 na Selsiyos, fifikonta tsakanin kabon mai maƙwabci ɗaya (wato wanda ke haɗe da wani kabon guda ɗaya), mai biyu da mai uku bai wuce 1 da 4 da 5 ba, shi ya sa furofen (propane, mai kabon uku a jere, haidurojin shida a gefe, biyu a tsakiya) ke karɓarta kusan kashi 45 a gefe, 55 a tsakiya. Buromin kuwa mai tsantseni ce, domin fizgar haidurojin tana cin mata kuzari; nata fifikon ya kai wajen 1 da 80 da 1600, kuma kashi 97 na furofen a tsakiya yake karɓarta.

A nan ne ruwan narkarwa ke nuna ƙarfinsa, amma a kan kulorin. A ƙarshen shekarun 1950, masanin kimiyyar sinadarai Glen Russell ya gwada 2,3-daimetilbiyuten (2,3-dimethylbutane, sinadari mai kabon masu maƙwabci ɗaya da masu uku), ya ga fifikon kabon mai maƙwabta uku yana tashi daga kusan 4 zuwa gommai idan an zuba benzin da yawa, kuma kabon daisalfaid ma yana yin haka. Dalili shi ne benzin yana riƙe zarrar kulorin riƙo marar ƙarfi, ya rage mata zafi, sai ta koma tana zaɓe. Buromin da ma can a natse take, don haka sauya ruwa ba ya ƙara mata wani abin kirki.

Cunkoso kuwa akasin hanya yake bi, yana kare kabon mai maƙwabta uku maimakon ya fifita shi. Zarra guda ƙarama ce, tana kutsawa, saboda haka tasirinsa kan kulorin kaɗan ne. Sai radikal ya zama ƙato sannan abin ke bayyana: a 2014 ayarin masanin kimiyyar sinadarai Erik Alexanian ya yi amfani da radikal na naitirojin mai manyan rassa, buromin ta riƙa sauka kan kabon mai maƙwabta biyu a metilsaikuloheksen (methylcyclohexane, zoben kabon shida mai reshen kabon ɗaya), inda buromin zalla za ta nufi mai uku.

A ganina, idan da kulorin kike aiki, ruwan za ki fara dubawa.