Sharuɗɗan soke haya a Airbnb da nauyin da suke ɗora wa mai gida

Mai gidan da ke shirin sanya gidansa a manhajar Airbnb domin hayar 'yan kwanaki yakan fara tambayar kason da kamfanin zai cira, alhali shafin da ya fi cancanta ya karanta da natsuwa shi ne wanda ya yi bayani kan soke haya. Kamfanin, wanda aka kafa a birnin San Francisco na Amurka a 2008, ya ginu ne a kan amincewar da matafiyi yake da ita cewa zai tarar da ƙofa a buɗe idan ya iso, kuma kusan duk dokokinsa suna kare wannan amincewar ne. Na daɗe ina kula da gidajen saukar baƙi a Abuja, kuma hukuncin da na yanke shi ne tsarin yana da adalci a tushensa, sai dai nauyinsa ya fi sauka a kan ƙaramin mai gida.

Idan baƙo ne ya fasa, abin ya zo da sauƙi, domin mai gida ne yake zaɓar sharaɗin da zai yi aiki da shi tun kafin kowa ya kama gidan. A ƙarƙashin sharaɗi mai sassauci, baƙo zai karɓi kuɗinsa cif idan ya fasa saura aƙalla awa 24 ya shiga. A matsakaici, sai ya fasa da kwana 5. A mai tsauri kuwa, kwana 30 ake bukata kafin a mayar masa da komai. Wannan ɓangaren ya burge ni, saboda ya kawar da jayayyar da muka saba yi a kan kafin alƙalami, inda kowa yake rantsuwa cewa ba haka aka yi da shi ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne idan mai gida ne ya soke. A watan Agustan 2022 kamfanin ya ƙara tsananta tarar, wadda a da ba ta wuce dala 100, ya mayar da mafi ƙarancinta dala 50, mafi yawanta a lokacin dala 1,000. Wanda ya soke saura fiye da kwana 30 zai biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin hayar. Daga kwana 30 zuwa awa 48, kashi 25. Idan kuwa ya rage awa 48 ko ƙasa da haka, ko baƙon ya riga ya shiga, rabin kuɗin kwanakin da ba a kwana ba ne tarar. A hayar dala 600 ke nan tarar tana tashi daga dala 60 zuwa 150 zuwa 300. Kuɗin ana cire shi ne daga abin da za a biya mai gida nan gaba, sannan ana iya toshe masa waɗannan ranakun a kalanda yadda ba zai ba wani ba. Wanda yake da lambar Superhost, wato lambar yabon da kamfanin yake ba masu gidajen da suka yi fice, kuma yana iya rasa ta, domin ɗaya daga cikin sharuɗɗanta shi ne kada abin da ya soke ya kai kashi 1 cikin ɗari.

Ba na ganin zalunci a wannan tsanantawar, domin na san irin halin da ake jefa mutum idan an soke masa masauki a ƙurarren lokaci. Matar da ta sauka a filin jirgin sama da dare, da yara da akwatuna, saboda bikin da za a yi washegari, ba ta da lokacin neman wani gida, kuma otal ɗin da za ta samu a wannan daren zai ninka abin da ta tanada. Akwai kuma wata fa'ida da ban yi tsammani ba: dokar ta zama garkuwa ga mai gida a cikin danginsa. Wani ƙanena ya taɓa kirana ana saura kwana uku baƙi su shigo, ya ce, "Yaya, surukaina za su zo daga Kano, don Allah ka ba ni gidan nan, waɗancan ai baƙi ne, za su sami wani." Da na lissafa masa tarar da kuma toshe ranakun da zai biyo baya, shi da kansa ya ce a bar zancen.

Abin da bai gamsar da ni ba shi ne ƙaramin ma'aunin dala 50. Mai ɗaki guda da yake bayarwa a kan dala 40 a dare, idan ya soke kwana ɗaya, tararsa ta fi kuɗin hayar, kuma idan aka juya ta zuwa naira ta isa ta cinye ribar mako. Mai katafaren gida kuwa, a tsarin 2022, rufin dala 1,000 ya kare shi komai tsadar hayar. Ga kuma batun uzuri. Kamfanin yana yafe tara idan an kawo hujja a kan abubuwa irin su fashewar bututun ruwa, yoyon iskar gas ko rashin lafiya mai tsanani, amma matsalolinmu na yau da kullum, kamar taransifomar layi ta ƙone ko injin rijiyar burtsatse ya tsaya, suna da wuyar tabbatarwa ga ma'aikacin da yake duba hotuna daga wata ƙasa, musamman da yake mai gyaran da ya zo ba kasafai yake ba da rasit ba.

Ya kamata mai gida ya sani kuma cewa sharaɗin da ya zaɓa ba shi ne maganar ƙarshe ba. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, kamfanin ya mayar wa baƙi kuɗinsu gaba ɗaya ba tare da duba zaɓin masu gidaje ba, kuma sai bayan ƙorafi ya yi yawa ya ware dala miliyan 250 domin biyan su kashi 25 cikin ɗari na abin da ya kamata su samu. Har yanzu akwai dokar manyan al'amura, irin su annoba, yaƙi da bala'o'i, wadda take hawa kan kowane sharaɗi.

Ina ba da shawarar manhajar ga wanda yake da janareto ko sola mai ƙarfi, da tankin ruwa na ajiya, da mutum guda da yake riƙe kalandar gidan. Wanda yake tallata gida ɗaya a Airbnb da Instagram da kuma bakin dillalai a lokaci guda, ba tare da yana rufe ranakun da aka kama nan take ba, zai wayi gari ya ba mutum biyu dare ɗaya, kuma kamfanin yana ɗaukar wannan a matsayin laifin mai gida, da tararsa cikakkiya. Sabon shiga ya fara da matsakaicin sharaɗi, ya riƙa ajiye hotuna da rasit na kowane gyara, kuma duk maganar da zai yi da baƙo ya yi ta a cikin manhajar, domin abin da aka rubuta a can ne ake dubawa idan an zo neman yafiyar tara.