Jadawalin sinadarai na bango: abin da na gani bayan wata shida

A farkon shekarar karatu, cikin watan Oktoba, na sayi babban jadawalin sinadarai na ratayawa a wani shagon littattafai kusa da babbar kasuwar Maradi, a kan jaka biyu da rabi, saboda ƴan lise, wato babbar sakandare, da nake yi wa bita a zauren gidanmu bayan sallar isha'i. Takarda ce mai kauri da aka lulluɓe da leda, faɗinta ya kusa mita guda, rubutunta kuma da Faransanci ne.

Babban amfaninsa shi ne ya raba yaran da hadda. A da sukan jero mini sunaye ashirin na farko babu tuntuɓe, amma da zarar na tambayi dalilin da ya sa wane yake ƙarƙashin wane sai zauren ya yi tsit. Da jadawalin ya hau bango, suka gani da idonsu cewa lambar da ke saman kowane gida, wato yawan furoton da ke cikin ƙwayar atom, tana ƙaruwa da ɗaya ɗaya daga hagu zuwa dama, daga haidirojin mai lamba 1 har zuwa 118, cikin jeri 7 na kwance da layi 18 na tsaye. Jerin kwance yana nuna yawan ɓawon da elektaron, ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye ƙwayar atom, suke zagayawa a ciki, layin tsaye kuwa dangi ne, domin waɗanda ke cikinsa sun yi kama a elektaron ɗin ɓawon waje, halinsu ma yakan zo ɗaya. Sodiyam mai lamba 11 yana layin farko da elektaron guda a waje wanda yake saurin bayarwa, kulorin mai lamba 17 yana can dama yana neman guda ya cike, da su biyun suka haɗu, to ga gishirin Bilma ya fito ba tare da na yi dogon bayani ba.

Wata rana na shigo da tsohon buhun takin zamani mai rubutun NPK, na ce kowa ya nemo haruffan. Yawancinsu ƴaƴan manoman gero da gyaɗa ne, sun san buhun tun suna goye, amma ranar ce suka fara ganin N (naitirojin) da P (fosforas) ɗaya a kan ɗaya a layi na 15, K (fotasiyam) kuma can gefen hagu ƙarƙashin sodiyam. A nan masu bugawa sun kyauta, domin sun sa alama da cikakken suna a gida guda, yaro ba zai rikice ba don ya ga azote, sunan naitirojin da Faransanci, a rubuce alhali alamarsa N ce.

Nauyin atom ma an buga shi a fili, shi ne kuma ya jawo tambayar da ta fi yi mini daɗi. Wata ɗaliba ta nuna teluriyam mai nauyin 127.6 zaune gaban ayodin mai 126.9, ta ce, "Malam, anya ba kuskuren bugu ba ne?" Ba kuskure ba ne. Dmitri Mendeleyef na Rasha, wanda ya fitar da jadawalinsa a 1869 lokacin da sinadarai 63 aka sani, da nauyi ya jera su, amma a nan ya bi hali ya ƙyale nauyi, ya kuma bar gurabe ga waɗanda ba a gano ba tukuna, har galiyam ya zo a 1875 da jamaniyam a 1886 suka zauna inda ya tanadar musu. Sai a 1913 Henry Moseley na Ingila ya nuna cewa lambar atom ce ainihin ma'aunin jerin.

Aibinsa na farko tsufa ne, kuma laifina ne da ban duba ba kafin in biya. Gidaje na 113, 115, 117 da 118 suna ɗauke da alamun wucin gadi, Uut, Uup, Uus da Uuo, alhali tun 2016 aka raɗa musu suna nihoniyam, moskobiyam, tenesin da oganeson. Na biyu ya fi ɓata mini rai: jeri biyun nan da ake ciro su a ajiye a ƙasa an matse rubutunsu ƙwarai, ta yadda yuraniyom mai lamba 92, wanda ake haƙowa a Arlit tun farkon shekarun 1970, sai yaro ya taso ya kanga ido kafin ya karanta shi, balle in an ɗauke wuta muna aiki da fitilar sola. Launin ƙarafa da na masu rabin halin ƙarfe ma sun yi kusa da juna. Ledar dai ta jure ƙurar hunturu, tsumma mai laima ya ishe ta, sai da zafin Maris ya shigo kusurwa ɗaya ta fara ɗagowa.

Duk da haka zan sake saye, kuma ina ganin ya ci kuɗinsa ga duk mai ɗa a lise. Sai dai mai saye ya sa a warware masa shi a shagon, ya kai ido kusurwar ƙasa ta dama: in ya ga Og a gida na 118 sabon bugu ne. Nawa kam na manna farar takarda a gidajen huɗu na rubuta sababbin alamun da biro.